Kantar da Aka Auna da Jikin Auta

Ni tela ne, kuma tela bai cika yabon awon wani ba. Amma mutumin da muke kira Mai Kanta dole na sara masa. Shagona yana fuskantar layin shagunan da ya yi wa aiki, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, daga kan kekena na gan shi.

Kafinta ne, amma ba ya yin gado, ba ya yin kujera, ko ƙofa ka kai masa sai ya tura ka gaba. Kantar shago kawai yake yi, wato katakan da ake kafawa a bango a jera kayan sayarwa. Dogo ne siriri, kullum da guntun fensir a maƙale a kunne. In ya shiga wuri ba ya gaisawa sai ya gama kallon bango. Har a gidan rasuwa na taɓa kama shi yana ƙare wa kusurwar ɗaki kallo. Na zungure shi, sai ya raɗa min, "Tela, dubi wurin can, an bar shi a banza."

Sauran kafintoci bango suke aunawa su tafi. Shi in ya auna bango sai ya juyo kan mai shagon. "Miƙa hannu. A'a, ba miƙewar kunya ba, yadda kake yi in mai saye yana sauri." Inda yatsu suka tsaya sai ya ja layi da fensir. Ya sa mutum ya tsuguna, ya sa shi ya juya, ya tambaye shi da wane hannu yake karɓa da wanne yake miƙawa. Mai shagon magani da ke kusa da ni ya taɓa roƙonsa ya bar masa hanya mai faɗi, sai Mai Kanta ya ce masa, "Ba don kai zan bari ba, don tumbin ne." Mun daɗe muna tsokanar mai magani da wannan.

Yana da dokokinsa, kuma ba a tambaye shi ba ma yakan karanto su. Kaya masu nauyi ƙasa, masu haske sama. Kantar ƙasa ta yi zurfi, ta sama ta yi siriri, don kada ta yi wa ta ƙasa inuwa. Abin da yara ke so a sa shi daidai idon yaro, shi zai ja uwarsa. Abin da ake saye kullum a kai shi can ciki, don ido ya bi ta kan sauran kaya kafin ya isa. Yakan ce ƙaramin shago babu shi, sai dai bangon da ba a sa shi aiki ba.

Akwai kuma wata ɗabi'arsa da muka sha yin faɗa a kai. In ya kafa kanta, to ta kafu har abada. Babu bangon da yake miƙe sarai, shi kuwa ba ya yarda a bar ko ramin da kyankyaso zai ɓuya, sai ya fere bayan katako ya bi karkatar bangon daki-daki. Sannan ya huda bangon, ya cusa turaku, ya zuba gam, ya buga ƙusa ta inda ido ba zai gani ba. Na ce masa, "Mai Kanta, shagunan nan fa haya ne, yau kana ciki gobe kana waje." Ya harare ni ya ce, "Kantar da ake ɗagawa tebur ce. Kai kana ɗinka riga don a warware ta ne?" 

Sai zamani ya zo da kantocin ƙarfe, waɗanda ake kawowa a kwali, a ɗaura su da noti kafin rana ta yi zafi, in mutum zai tashi ya kwance abinsa ya yi gaba. Ba su da kyau, suna barin rabin bango a banza, amma masu haya sun fi son su, kuma ban ga laifinsu ba. Aiki ya yi ta ja da baya. Shekaru suka hau Mai Kanta, hannunsa na dama ya fara rawa. Ya koma zama a bencin shagona yana kushe aikin mutane, ni kuma ina haƙuri da shi don babu inda zai je.

Ana cikin haka mijin ƙanwarsa ya rasu, ya bar ta da yara ƙanana. Auta yake kiran ta, mu ma duk haka muke kiran ta, ko da yake furfura ta fara fito mata. Gajeruwa ce ƙwarai, bahaguwa, kuma gwiwarta ɗaya ba ta lanƙwasuwa sosai tun wata faɗuwa da ta yi. Ta iya ciniki, amma babu shagon da za ta iya kamawa a layin. Shi kuwa yayanta idonsa ya daɗe a kan wani wuri: ƙarƙashin matakalar benen da ke tsallaken titi, inda ake jibge shara da fasassun bokitai. Bakinsa yana da ɗan tsawo, amma yana shiga ciki yana yin ƙasa, har ƙarshensa sai da rarrafe. Da ya je wurin mai benen ya nemi wurin, dariya mutumin ya yi. "Ku ɗauka mana. In kun share min shi ma kun taimake ni."

Ban taɓa ganin Mai Kanta ya yi aiki kamar wannan ba. Ya tsayar da Auta a cikin ramin nan ya auna ta fiye da yadda ni nake auna masu ɗinki. Tana cewa, "Yaya, shago za ka yi min ko likkafani?" shi kuma yana ja wa bango layi. Faɗin hanyar ya zama faɗin ƙugunta da ɗan sarari kaɗan. Kanta mafi tsawo ta tsaya daidai inda yatsunta suka tsaya. Duk abin da ake yawan nema ya koma hagunta. Saboda gwiwar, bai yarda ta tsuguna ba: can ciki inda rufin ya yi ƙasa ya yi akwatuna masu ƙananan tayoyi, ta ja igiya su gangaro gabanta. Ƙyauren ya yi shi biyu, in an buɗe su waje sai cikinsu ya zama wurin rataye kaya masu kallon titi. Ƙasan kowace matakala ya zama ɗan gurbi, wannan na ashana, wannan na batir, wannan na allura da zare. Kujerar zamanta ma akwati ce, gishiri ne a ciki.

Ranar da ta buɗe, mutane suka riƙa tsayawa kallo. Sabulu, sukari, madarar gwangwani, kyandir, ganyen shayi, alewa, duk abin da babban shago yake da shi akwai a ramin sharar nan. Auta tana zaune a tsakiya, ba ta tashi, hannunta kawai ke yawo. Ciniki ya kankama. Yaranta suka koma makaranta, ita ma ta yi ɗan kumatu. Na ji daɗi ƙwarai, domin na ga matar nan a lokacin da ko gaisuwa ba ta iya amsawa.

To, baki shi ke yanka wuya. Mai Kanta ya daɗe ba a yabe shi ba, yunwar yabo kuwa ba ta da kunya. Duk wanda ya zo wucewa sai ya riƙo hannunsa ya nuna masa yadda akwatunan ke gangarowa. Wata rana mai benen ya sauko zai shiga motarsa, shi ma ya tare shi. Na ji Auta tana cewa a hankali, "Yaya, ka bar bawan Allah ya wuce." Ina! Ya ja shi har bakin shagon, ya ja igiya, ya buɗe gurbi-gurbi, yana cewa, "Ranka ya daɗe, ka ga abin da kake zuba wa shara? Wannan ya fi wasu manyan shagunanka ɗaukar kaya." Mai benen bai yi dariya ba wannan karon. Ya daɗe yana kallo, ya ce aiki ya yi kyau, ya tafi. 

Ba a daɗe ba saƙo ya zo cewa mai benen yana son wurinsa, zai ba surukinsa, mijin 'yarsa, wanda ke zaune babu sana'a. Na raka Mai Kanta roƙo. Dogon mutumin nan da ba ya sunkuya wa kowa ya durƙusa, ya ce marayu ne ke ci a wurin. Mai benen ya ce shi ma nasa yake dubawa. Mai Kanta ya ce to a bar su su cire katakonsu. "Ku cire mana," in ji mai benen, "amma kada a fasa min bango." Muka kalli juna ni da shi. Duk garin babu wanda ya fi shi sanin cewa kantar nan ba za ta rabu da bangon ba sai da fasawa.

Auta ta kwashe kayanta da safe. Mai amalanke ya yi ta sawu, kaya suna ta fitowa daga ramin nan kamar ba za su ƙare ba, har suka cika gefen titi. Wasu suna ta mamaki suna yaba wa kafinta. Shi yana tsaye yana jin su. A ganina babu zagin da ya kai wannan yabon ciwo.

Surukin kuwa ƙato ne, ga tsawo ga faɗi, kuma da dama yake aiki kamar yawancin mutane. Shigarsa ta farko sai da ya karkace, goshinsa ya daki matakala. In ya zauna gwiwoyinsa su toshe akwatunan, in ya miƙa dama ya tarar babu komai sai bango, in ya juya kafaɗarsa ta zubar da gwangwanaye. Da ba don abin da ya faru ba, da mun sha dariya. Bai jima ba ya kira wasu ma'aikata su fasa komai, zai sa kantar ƙarfe.

Mai Kanta yana kan bencina lokacin da suka fara. Suka sa dogon ƙarfe suna ɓamɓara ta gaba, katako yana ƙara yana tsagewa. Na ce masa ya tashi mu zaga baya, ya ƙi. Can sai ya miƙe ya tsallaka titi. Na ɗauka faɗa zai yi, na bi shi da gudu. Sai na ji ya ce musu, "Ba ta nan ba ne. Ba ni gudumar." Shi da hannunsa mai rawa ya riƙa nemo ƙusoshin da ya ɓoye, yana ciro katakon ɗaya bayan ɗaya, bango yana zubowa tare da su. Fasawar da aka hana shi, ga shi an yi ta, babu wanda ya ce kanzil. Da ya gama ya roƙi surukin ya bar masa katakon, shi kuma ya ce ya kwashe, dama shara ne.

Kantar ƙarfen da aka kawo miƙaƙƙiya ce, wurin kuma karkatacce. Guda ɗaya ta shiga a bakin ƙofa, sauran ramin ya zauna wayam. Kayan da ta ɗauka ba su isa a kira wurin shago ba. Surukin ya gaji ya sa kwaɗo ya daina zuwa. Aka yi biyu babu. Mai Kanta ya sake komawa wurin mai benen ya ce tunda wurin yana rufe, a maida wa Auta, zai sake kafa komai. Mai benen ya ce a'a, yanzu ya san darajar wurinsa, ba zai ba kowa haka kawai ba. Har yau a rufe yake. In ka leƙa ta ramin ƙyauren za ka ga layukan fensir a bango, daidai inda yatsun Auta suke tsayawa.

Ya yi yawo da katakon nan yana neman wani lungun, amma kowane katako an fere shi ne don bango guda, babu inda ya zauna. Auta ta koma shimfiɗa buhu a gefen titi kusa da kwata. Rana tana narka alewa, ruwa yana jiƙa sukari, masu saye sun koma inda akwai inuwa. Duk mai son ashana sai ta sunkuya da gwiwar nan. Babbar 'yarta ta bar makaranta tana taya ta.

A ƙarshe, mutumin da ya yi shekaru yana raina tebur ya zauna a bayan shagona ya haɗa mata tebur da ragowar katakon. Gefensa ɗaya a karkace yake, yana bin bangon da babu shi. Na taya shi ɗauka muka kai mata. Ta shafa saman da hannun hagu, ta ga tsawonsa ya zo mata daidai, kamar kullum. Ba ta taɓa yi masa gori ba tun da abin ya faru, ranar ma ba da faɗa ta faɗa ba.

"Na gode, Yaya," ta ce. "Amma da kantar banza ka yi min tun farko, da har yanzu ina ciki."

 Mai Kanta yana nan da ransa, yana zuwa bencina yawancin ranaku, fensirin ma yana nan a kunnensa don sabo. Sai dai tun daga ranar, duk ɗakin da ya shiga, ƙasa yake kallo.