Tsarabar Tayil Ta Ci Haƙorin Autana

Jama'a, ku matso ku ji! Yau daga kicin ɗina a nan garin Laurel na kalli ana dukan ɗana a Portugal!

Autana Nura da matarsa Bilki sun tafi hutu Porto. Ina cikin tuƙa tuwo Bilki ta kira ni ta bidiyo. Ta nuna min dogon layi a ƙofar wani kantin littattafai, sai wani tsohon coci, bangonsa duk tayil shuɗi da fari kamar tangaran.

Na ce, "Kai Nura, ko ɓalli ɗaya ka taho min da shi tsaraba!" Wallahi wasa nake.

Yaron nan ya ga wani tayil da ya ɗan ɗago, ya sa mukulli ya ɓamɓaro shi! Ashe ɓarayin tayil sun addabi garin.

Wata tsohuwa ta kurma ihu, ta maka masa lema a ka. Wani ƙato ya shaƙo shi ta baya, ya haɗa fuskarsa da bango. Jini! Bilki tana kuka da Turanci, wai mamarsa ce ta sa shi. Ni kuma ga muciya a hannu, ina ta ihu, "Ku riƙe tayil ɗinku, kada ku kashe min ɗa!" Da Hausa fa!

Da ƙyar 'yan sanda suka ƙwace shi. Yanzu yana hannunsu, leɓe a fashe, haƙorin gaba babu. Bilki ta kara masa waya ya ce, "Mama, tsarabarki dai sai haƙorin, Bilki ta tsinto."

Don Allah, waye a cikinku ya san lauya a Portugal?