Tambayar da Na Yi wa Ɗan Fari

Har gobe ban manta da ranar da aka kira ni Kebbe ba, damina biyu bayan an naɗa ni Sarkin Aska a Tambuwal, wato shugaban wanzamai. Wani falken gishiri, Malam Buba, ya aiko cewa mahaifiyarsa Inna Dije ta kwanta. Ita ce mai kai wa matan gidan zarensu kasuwa, tunda su suna kulle. Na ɗaura wa jaki zabira, jakar kayan aikina, na yi kwana biyu a hanya.

Ku masu koyon wanzanci, kun san ƙa'idarmu: in maras lafiya mace ce, wanzami a zaure yake tsayawa, ya tambayi maigida, ya ba da magani a shiga da shi. Buba ya ce ciwon baya ne na tsufa. Na ba da sassaƙe da man shafawa, ina ta hura hanci. Kwana uku zazzaɓi sai ƙaruwa yake, har kunu ta daina sha.

Ran na huɗu wata tsohuwar ungozoma, Iya Kulu, ta tare ni a ƙofar gida, ta tambaye ni wa ya ce mini baya ne. Na ce ɗanta.

Ta ce, "Haba Sarkin Aska! Buba ɗan farinta ne. Ko sunansa ba ta faɗi, shi za ta gaya wa inda ke mata ciwo?"

Wallahi kunya ta rufe ni. Ashe surukanta mata ma ɓoye musu take yi. Na nemi izinin Buba, Kulu ta shiga ɗaki, ni na tsaya bayan zana. Maruru ne a cinya, ya ci ya yi zurfi. Na gasa askata a wuta na miƙa wa Kulu, abin da ban taɓa yi wa mace ba. Ina faɗa tana tsagawa, ta wanke da ruwan bagaruwa.

Inna Dije ta tashi, amma da sanda, ba ta sake taka kasuwa ba. Kwana ukun nan da na ɓata su suka cinye ƙafar, kuma abin yana damuna har yau.

Saboda haka in an kira ku ga tsohuwa, ku gaisa da maigida, ku sha ruwansa. Amma kada ku kwance zabira sai kun nemo tsohuwa 'yar'uwarta ta shiga ta gani.