Malama Sake da Majinyacinta na Roba

Bakwai saura kwata na safe Malama take buɗe ɗakin gwaji na makarantar koyon aikin jinya. Kafin ta ajiye jaka sai ta je gadon bakin taga ta yi wa Kawu sannu, ta gyara masa zanin rufa, ta duba robar ƙarin ruwan da ke hannunsa. Kawu kuwa mutum-mutumi ne na roba. Yana numfashi, zuciyarsa na bugawa, in kuma Malama ta koma bayan gilashi ta ɗauki makirfo, har nishi yake yi da mita. Shekara goma sha ɗaya tana wannan hidima, ga shi ƙarshen wata za ta yi ritaya.

Ɗalibai suna ce mata Malama Sake. Ba ka wanke hannu ba? Sake. Ka yaye wa Kawu zani ba ka nemi izini ba? Sake. Mai sharar makarantar ya ce mini da aka kawo Kawu, shekara biyu ya yi cikin kwali a sito, wai malamai sun ce su a jikin mutane suka koya, ba a jikin 'yartsana ba. Ita ta jawo shi, ta zauna da littafinsa har ta iya sarrafa shi. Har gobe akwai abokan aikinta da ba su san inda makunninsa yake ba, amma su ne kan gaba wajen cewa ɓata lokaci ne. Abin yana ci mini rai, ko da yake ni ma na taɓa faɗin haka.

Sau uku 'yata ta fari tana faɗuwa gwaji a hannun Malama. A na ukun ta yi wa Kawu allura ba ta karanta sunan da ke ɗaure a wuyan hannunsa ba, ashe Malama ta musanya katinsa da na wani. Nan take ta kashe na'urar ta ce, "Kin kashe shi. Je ki gaya wa iyalinsa." Yarinya ta dawo gida ido a kumbure. Saura dama ɗaya, in ta faɗi sai ta maimaita shekara.

Uwarta ta ce mini, "Safa da marwa a tsakar gida ba zai ba ta maki ba. Ka je mana!"

Na je ranar gwajin, raina a ɓace. "Haba Malama, a kan roba za a ɓata wa yarinya shekara guda?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Baban nas, ka zo a daidai. Yau ba mu da ɗan'uwan majinyaci. Zauna nan, kai ne ƙanen Kawu."

Ban gama zama ba na'ura ta fara ƙara, Kawu ya ce, "Wayyo ƙirjina!" Wallahi na manta roba ce. Na miƙe na juya ga 'yata. "Ke, ga allura can a faranti, yi masa mana!"

Ko kallona ba ta yi ba. "Malam, ja baya, kana tare mini haske."

Malam! Ni da na haife ta. Ta ɗaga hannun Kawu ta karanta, ta duba kati, ta ture allurar gefe. Ta ɗago kan gadon, ta sa masa iskar numfashi, ta aika a kira likita. Ƙarar ta lafa.

Malama ta fito ta ce mata, "Kin ci." Sannan ta juyo gare ni. "Kai kuwa da ta bi maganarka, da yanzu kana karɓar gaisuwar yayanka."

Malama, ke ce kika yarda a ce miki muguwa don kada 'ya'yanmu su yi kuskurensu na farko a jikin mai rai. Kin hana ni sukuni wata biyu, kin kuma kunyata ni gaban 'yata, duk na yafe. Na gode, Allah Ya saka miki da alheri, Ya sa ki huta lafiya.

Ku kuma malaman da za ta bari, saura kwana goma sha tara. Don Allah ku sauke girman kai, ku ja kujera kusa da ita ku koya tun tana nan. Ni dai duk ranar da ciwo ya kwantar da ni, kafin nas ta taɓa ni sai na tambaye ta wa ya koya mata.