Rakiyar Bakin Yaya Tanko Zuwa Maruwa

Garwa

Ana sallame sallar asuba a garinmu Garwa muka fito, ni da Yaya Tanko, kowa a bayan kilandonsa, wato babur ɗin haya. Ni ke rungume da kwandon goro da ƙunshin kilishin da na kwana biyu ina yi da hannuna. Za mu Maruwa ne nema wa Sadiƙu, ɗan ɗan'uwanmu Sale, auren wata yarinya Falmata da suka yi jami'a tare. Uba ba ya zuwa nema wa ɗansa aure, saboda haka Yaya, babbanmu, shi ne mai magana. Ni kuwa aikina daban ne.

Ana gobe za mu tashi Sadiƙu ya same ni a rumfata ya durƙusa. Ya ce, "Baffa Ilu, don Allah ka riƙe mini bakin Baffa Tanko. Mahaifin Falmata 'yan bindigar daji ne suka kashe shi a ƙauyensu, can bayan Mora. Wansa Alhaji Bukar shi zai ba da auren, kuma shi a wurinsa sojojin ƙasashen waje ne suka cece su. A gidan nan ba mai musa masa."

Ni kuwa na san yayana. Dillalin shanu ne, rediyo ba ta barin kunnensa, kuma tun da Turawa suka kai yaƙi Libiya ya yanke hukunci cewa duk yaƙin da baƙo ya kawo, ta'addanci yake haifarwa. Ya faɗa wa liman, ya faɗa wa wanzaminsa da aska a wuyansa. Na ce wa yaron ya kwantar da hankalinsa, amma ni nawa bai kwanta ba.

Bas ɗinmu ya bar tasha ƙarfe shida da rabi. Muka wuce garin Fitowa ana kafa rumfunan kasuwa, Yaya yana jan carbi kamar mutumin kirki.

Figil

Kafin Figil wani saurayi da ke gabanmu, malamin makaranta, ya ɗaga wayarsa yana nuna wa maƙwabcinsa labarin jiragen wata ƙasa da suka yi ruwan wuta a sansanin 'yan bindiga. Ya ce, "Se biyan, ya yi kyau. Haka ake maganinsu."

Na ji carbin Yaya ya tsaya. Wuf na kwance ƙunshi na miƙa masa kilishi. Na ce, "Yaya, ɗanɗana mini, kamar yajin ya yi yawa." Ya harare ni, amma ya karɓa. Kilishina ba a cin sa da gaggawa, sai da ya kai mu shingen jandarma, jami'an tsaron hanya, yana tauna.

Aka sauke mu duka, kowa da katin shaidarsa a hannu. Jandarman yaro ne mai fara'a, ya ga goro ya ce da Fillanci, "Baaba, aure za a je?" Yaya ya ba shi goro biyu, sannan ya dubi bindigarsa ya ce, "Ɗana, wannan ƙirar wace ƙasa ce?" Na ja hannun rigarsa na ce direba na kira. Direban ma bai gama shan shayinsa ba.

A Figil muka ci ƙosai da kunun gyaɗa mai zafi. Daga nan har Muturwa duk sanda malamin nan ya buɗe baki, ni kuma sai in buɗe ƙunshi. Kafin mu ga filin jirgin Salak, kilishin surukai ya koma rabi. Yaya ya ce, "Ilu, yau ka cika kyauta. Ko ba ka da lafiya ne?"

Maruwa

Mun shiga Maruwa kafin azahar. Garin nan inuwa gare shi, itatuwan darbejiya sun rufe tituna, babura kuwa kamar an zazzage buhu. Kilando biyu suka tsallaka da mu busasshen mayo, wato kogi, yara na buga ƙwallo a cikin yashinsa, suka sauke mu a ƙofar gidan.

Alhaji Bukar Babarbare ne, dogo, ramamme, Hausarsa ta 'yan kasuwa tsaf. Ya tarbe mu a zaure da mutanensa huɗu. Aka yi salla, aka kawo tuwon dawa da miyar yakuwa da busasshen kifi, ga man shanu yana ninƙaya a sama. Ba a faɗin abin da ya kawo baƙo sai ya ci ya sha, don haka aka shiga hirar hanya. Na lura duk abin da Alhaji ya ce, mutanensa sai su amsa, "Gaskiya ne, Alhaji." Ko zafin rana ya ambata, gaskiya ne.

Ni duk na shirya wa bakin Yaya. Ban taɓa kawo wa raina cewa mai gidan ne zai tono maganar ba. Ya wanke hannu ya ce, "Kun zo lafiya, ba wanda ya tare ku. Ai albarkar sojojin da suka tsallako iyaka ce. Da baƙi ba su kawo yaƙin ba, da yau babu Maruwa."

"Gaskiya ne, Alhaji," in ji mutanensa.

Na laluba gefena, ashe an riga an shige da kilishin cikin gida. Na taka ƙafar Yaya. Ya janye abarsa, ya gyara zama.

"Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri, ba haka ba ne."

Ni dai na ce a raina shi ke nan, Sadiƙu ya nemi wata.

Yaya ya ce, "Muna yara wa ya san bindiga a ƙasar nan in ba ta maharba ba? Baƙi suka je Libiya suka fasa rumbun makamai suka yi tafiyarsu, abin ya gangaro mana. Yanzu kuma wanda ya kunna wutar shi za mu gode wa don ya kawo guga?"

Alhaji Bukar ya ce, "Maciji na cikin ɗaki, kai kana binciken wanda ya bar ƙofa a buɗe. Ni na ga ranar da sojojin maƙwabta suka shigo. Bayanta muka fara barci."

"Barcin wata nawa? Jirgi ya kashe mai laifi ɗaya da marasa laifi uku, 'yan'uwan ukun nan ina za su, in ba daji ba?"

"To a zauna a naɗe hannu, a yi musu wa'azi?"

"A ba yaranmu aikin yi, a ba sojanmu kayan aiki. Baƙo ranar da ya gaji zai naɗe tabarmarsa."

"Kai da kake Garwa kana cin kifin Binuwai, me ka sani?"

Murya ta hau. Sai Yaya ya yi abin da dillalai ke yi a kara, kasuwar shanu, in ciniki ya yi zafi: ya cafko hannun Alhaji ya riƙe gam, yana girgiza shi da kowace magana. Dillali ba ya sakin hannu sai an daidaita. Mutanen gidan suka zabura. Ni kunya ta sa na rasa inda zan sa idona.

Alhaji Bukar bai fizge ba. Ya dubi hannun nan, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ɗora ɗaya hannun a kai, ya ci gaba da musu, har da dariya. Haka suka yi ta yi, hannu cikin hannu, daga Mali su koma Libiya, daga can su dawo tafkin Cadi, ba wanda ya matsa ko taƙi, har aka kira la'asar.

Bayan salla Yaya ya tuna abin da ya kawo mu, ya tura kwandon goro gaba, murya a dishe. Alhaji ya ɗaga masa hannu.

Ya ce, "Ƙanena Modu, uban yarinyar nan, dillali ne kamarka. Ra'ayinsa naka ne sak. Kullum bayan azahar sai ya riƙe hannun nan ya ce ban san komai ba. Tun da aka kashe shi kowa tausayina yake ji, in na ce rana daga yamma take fitowa sai a ce gaskiya ne." Ya share ido da bakin rawaninsa. "Yarinya ta ce tana so, uwarta ta yarda. Na ba ku. Amma maganarka ta jirgi ba ta zauna ba, ka zo da wuri kafin ɗaurin aure mu ƙarasa."

Aka yi fatiha, aka raba goro. Daɗin da na ji ba ya faɗuwa. A ɗakin baƙinsa muka kwana, da yamma kuma ya sa aka zaga da mu kasuwar dukawa, Yaya ya saya wa Sadiƙu takalmin fata.

Da safe muna shirin fita aka ce mahaifiyar Falmata na son gaisawa. Ta tsaya a bayan labulen soro, muka gaisa. Ta ce, "Baffan yara, jiya ina tuƙa tuwon dare na ji hayaniya a zaure. Sai da na ajiye muciya. Na ɗauka malam maigidana ne ya dawo." Sannan ta ce, "Ku riƙa zuwa."

Yaya, wanda ban taɓa ganin magana ta ƙare masa ba, ya buɗe baki ya rufe. Ni na amsa mata.

Garwa

Mun iso gida da la'asar. Sadiƙu na tsaye a tasha, fuska duk ta faɗa. Ya ce, "Baffa Ilu, ya aka yi?"

Na ce, "Bakin dai ya fi ƙarfina. Amma an ba ka."

Yaron ya zauna a kan buhun albasar wani yana dariya yana hawaye. Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, mun gode wa Alhaji Bukar da iyalinsa. Allah ya jiƙan Malam Modu, ya sa 'yarsa ta shigo gidanmu da ƙafar dama.