Itacen Furen Baba Mamman Direba

Har yau ban manta da safiyar da Lawali ya shigo buronmu, wato ofishinmu, yana neman izinin sare itace ba. Lokacin ina ƙaramin ajan, wato ma'aikaci, a sarwis ɗin kula da itatuwa a nan Damagaram, hannuna bai gama faɗawa a aikin ba. Ƙa'idarmu ita ce, ba a ba da izinin sara sai ajan ya je ya ga itacen da idonsa. Shef ɗinmu na wancan zamani, Mushe Sanusi, wato Malam Sanusi da Faransanci, Allah ya jiƙansa, ba ya wasa da wannan.

Lawali tela ne, mutum mai sanyin magana. Ya ce itacen gidansu ya kamu da wata cuta, ganye duk ya yi fari, ga jaririyarsa tana ta tari. Maƙwabta sun ce garin ganyen ne take shaƙa. Shef ya dube ni ya ce, "Mutari, hau mobileti ka bi shi."

Ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba, ana yankan gero a karkara. Gidan yana cikin Birni, a wani lungu kusa da duwatsu. Ina shiga tsakar gida na ga itacen. Irin na ado ne da ake kira firanjipanye, mai kaurin rassa da farin fure mai rawaya a tsakiya. Amma ganyensa kamar an barbaɗa masa garin tuwo, sababbin sun nannaɗe, furen yana bushewa tun bai buɗe ba. A lakkol, wato makaranta, mun karanta wannan cuta da sunan oyidiyom. Farar fumfuna ce, tana son rana mai ɗumi, dare mai raɓa, da wurin da iska ba ta ratsawa.

A gindin itacen wani dattijo yana zaune kan tabarma. Kafin in gama sallama ya ce, "Kai ne mai mobiletin nan? Ɗana, a duba maka buji, injin yana shaƙewa." Sai a nan na lura ba ya gani.

Shi ne Baba Mamman, mahaifin Lawali, tsohon direban kamiyo, babbar motar kaya. Ya ce a tafiyarsa ta ƙarshe zuwa bakin teku ya ga itacen a wani masauki, ƙamshinsa ya hana shi wucewa. Ya roƙi reshe ɗaya, ya ajiye shi kusa da kujerarsa har gida. "Na dasa shi ina da idanu," in ji shi, "ya yi fure ba ni da su. Ban taɓa ganin furensa ba. Da hanci na san shi." Sannan ya ce, "Amma in shi ke sa wa jikata tari, ku sare. Ni na aiki Lawali wurinku."

Yana wannan magana hannunsa na kan jikin itacen. Can bakin ɗaki surukarsa Falmata tana tsaye da yarinyar a kafaɗa, idanunta sun yi ja saboda rashin barci.

Na koma na faɗa wa Shef abin da na gani. Ya ɗauki hularsa muka shiga motar sarwis. Da muka isa bai fara da itacen ba. Bayan ya gaida Baba, sai ya nemi izini ya yi magana da Falmata.

"Ƙanwata, wannan cutar itace ce, ba kama mutum take ba. Amma ni ba likita ba ne. Ga mota, yanzu a kai yarinya asibiti. Itacen kuma ki ba mu zuwa ƙarshen wata. In bai gyaru ba, ni da kaina zan sa hannu a sare."

Ta ce, "Shef, wallahi ba ƙin itacen nake ba. Tsoro nake ji."

"Na sani," in ji shi. "Shi ya sa ke na fara roƙa."

Washegari muka soma aiki. Abin tausayin shi ne, ƙaunar da Baba ke yi wa itacen ce ta ƙara masa ciwo. Ya sa an kewaye shi da zana saboda awaki, iska ba ta shiga. Kullum da magariba yana watsa wa ganyen ruwa, laima ta kwana a wurin. Ga takin awaki da ya yi yawa, yana fito da ganye mai taushi, irin wanda fumfunar ta fi so. Shef ya bayyana masa wannan a hankali, ba tare da ya ɗora masa laifi ba.

Muka cire zanar, muka rage rassan da suka cunkushe a tsakiya. Duk reshen da na yanke, sai in ga kafaɗar Baba ta motsa. Na yi masa kashedi kada farin ruwan itacen ya taɓa masa ido, ya yi dariya ya ce, "Me ya rage ya ɓata?" Ganyen da ya lalace muka kwashe muka ƙone a waje. Sai bayan la'asar, rana ta yi sanyi, na dama garin farar wuta da ruwa a pompo na fesa sama da ƙasan ganye, domin in aka fesa cikin zafi ƙona ganyen take. Duk ranar feshi, Falmata tana kai yarinyar maƙwabta. Haka na riƙa komawa mako-mako, kuma ban taɓa fita gidan ba sai Baba ya tsare ni da shayi da labarin hanya.

Likita ya ce mura ce ta sauka wa yarinyar a ƙirji, ga hayaƙin murhu. Ta sha magani ta warke tun itacen bai bar farinsa ba. Daga nan Falmata ta karɓi aikin. Ita ke share ganyen da ya zuba, ita ke ba shi ruwa a gindi da safe. Wata rana na tarar da ita tana juya wani sabon ganye tana cewa, "Baba, wannan kore ne shar, babu ko ɗigo." Shi kuwa ya miƙo hannu yana shafawa. Ba wanda ya sake zancen sara. Da bazara ta shigo, itacen ya cika da fure.

Baba Mamman ya ƙara ƴan shekaru sannan Allah ya yi masa rasuwa. Bayan sadakar arba'in Falmata ta zo buro da reshe a hannu, ta ce shi ya bar wasiyya a kawo wa masu pompo. Ni da Shef muka dasa shi a bakin buro. Shi ne wancan da ku sababbin ma'aikatanmu kuke jingine baburanku a inuwarsa.

Yanzu kuna da magunguna iri-iri, kuma ana turo muku hoton ganye ta waya ku faɗi cuta daga kan kujera. Ban ce ku bari ba. Amma hoton ba zai nuna muku wanda ke zaune a gindin itacen ba, ko wadda ke tsaye bakin ɗaki tana jin tsoro. Ku je gidan. Ku gaisa, ku zauna, ku saurara, sannan ku ɗauki pompo.