Tsohon da Ya Juya wa Titi Baya

Duk wanda ya san unguwar Bolori a Maiduguri ya san yadda dattawa ke zama da hantsi. Su shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, su fuskanci titi, su yi ta kallon duniya tana wucewa. To ni a hanyata ta zuwa makarantar da nake koyarwa, akwai wata mararraba inda layin unguwa ya haɗu da babban titi, kuma a nan na ga tsohon da ya saɓa wa kowa. Yana kan kujerar katako a gindin wata darbejiya, rawaninsa fes, amma ya juya wa titin baya ya sa wata katangar bulo a gaba. Katangar ko fenti babu, balle a ce wani abu yake karantawa a jikinta.

Ni kuwa Allah ya yi ni da son jin ƙwaƙwaf. Mijina yakan ce da ana ba da digiri a bin diddigi da tuni na zama farfesa. Na yi ta ganin bayan tsohon nan safe da yamma har abin ya tsaya mini a rai, sai na tambayi Adam, mai keke mai ƙafa uku da ya saba ɗaukata.

"Wai Adam, wancan dattijon lafiyarsa ƙalau?"

Ya ja tsaki. "Baba Abakar? Lafiyarsa lau, Malama. Girman kai ne ya same shi da tsufa. Da can mutumin kirki ne, yanzu ko ka gaishe shi bango yake kallo."

Wani fasinja ya ce ai taɓin hankali ne. Wata mata ta ce aljanun mararrabar ne suka juya masa fuska. Amsa uku a keke ɗaya, kuma babu wadda ta gamsar da ni.

Wata ranar Asabar na sauka a wurin da sunan sayen awara. Mai suyar sunanta Dorothy, 'yar kudancin Borno ce, ta daɗe tana kasuwarta a gefen bishiyar. Na kewaya na kewaya, har na kawo zancen.

"Ki je ki gaishe shi mana," in ji ta, tana juya awara a mai. "Amma da ƙafa. In dai da ƙafa kika je, sai kin gaji da gaisuwa."

Haka kuwa aka yi. Na zagaya ta gabansa na durƙusa na ce, "Wushe, Baba," kamar yadda ake gaisuwa da Barbarci. Tsohon nan fuskarsa ta washe. Ya amsa da Barbarci, ya ƙara da Larabcin Shuwa, ya dawo Hausa. Ya tambayi gida, ya tambayi maigida, ya tambayi yara, ya tambayi zafi, ya tambayi iyayena da ke unguwar Mafoni alhali bai san su ba. Har gwiwata ta fara ciwo bai gama ba. A nan na gane cewa wannan mutum ba ƙin gaisuwa yake ba, ƙishirwarta ma yake ji.

Ban sami labarin a rana ɗaya ba. Na yi ta komawa, wani in ji daga bakinsa, wani daga Dorothy, wani daga matarsa Ya Hussainatu, wadda ba ta ɓoye cewa zaman nan nasa yana ba ta haushi.

Baba Abakar ɗan ƙabilar Shuwa ne, a wata ruga can wajen tafkin Chadi aka haife shi. Ya yi kiwo tun yana yaro har gemu ya fito masa. Lokacin da fari ya cinye yawancin shanun gidansu sai ya shigo Maiduguri, ya zama dillali a kasuwar shanu. Ya ce dillanci rabinsa sanin dabba ne, rabinsa kuma gaisuwa. Wanda ka tambayi lafiyar mahaifiyarsa da sunanta, da wuya ya kai sansa wurin wani. Da haka ya san rabin gari, rabin gari ya san shi. Shi ake kira sulhu, shi ake turawa neman aure, kuma da keke ya cika gari, shi ya tsaya wa samari da dama a wurin masu ba da keke haya.

Da ƙafafu suka gaza, ya bar kasuwa ya dasa kujera a gindin darbejiyar nan, yana fuskantar titi kamar kowa. Dorothy ta ce a lokacin mararrabar kamar gidan biki take. Kowane mai keke sai ya danna hon, ya ɗaga hannu, ya leƙo da kai ya ce "Baba, wushe." Masu mota su sauke gilashi. Shi kuma ya amsa wa kowa da sunansa.

"Kuma fa ba ya yafewa," in ji Dorothy. "Ka kuskura ka wuce ba ka gaishe shi ba, gobe zai tare ka ya ce, ɗan wane, ashe ka girma? A gaban mutane zai faɗa, ana dariya. Ai dole ka waiwayo."

Mararrabar kuwa ta yi suna da haɗari. Babu danja, babu mai ba da hannu. Masu zuwa ta babban titi gudu suke kamar an biyo su, da yawansu waya a kunne. Masu fitowa daga layi kuma kowa so yake ya riga wani. Yau a goge madubi, gobe keke ya kife. Mutanen unguwa suka tara ƙasa suka yi tudu don a rage gudu, ruwan damina ya wanke. Aka yi sadaka, aka yi addu'a. Wasu suka ce a sare darbejiyar, wai a nan mutanen ɓoye suke.

Sai ranar Uwais. Uwais mai keke ne, ɗan wani Bakano mai gyaran takalma, kuma Baba Abakar ne ya tsaya masa har ya sami keken. Ana gobe abin zai faru, ya wuce da sauri bai gaisa ba, tsohon ya yi masa tsiyar da ya saba. Washegari da safe Uwais ya fito daga layi ɗauke da wata mata mai zuwa kasuwa. Don ya wanke laifin jiya, sai ya leƙo da kansa gaba ɗaya, ya dunƙule hannu ya ɗaga, yana dariya.

"Baba, yau ban girma ba!"

Wata mota ta taho ta babban titi a guje. Waɗanda suka gani sun ce direban kansa na sunkuye a kan waya. Ko birki ba a ji ba. Uwais da matar duka ba su kai asibiti da rai ba. Dorothy ta ce da ta waiwaya, ta ga hannun Baba Abakar har lokacin yana sama, bai gama amsa gaisuwar ba.

Kowa ya ɗora wa mai motar laifi, kuma ya cancanta. Baba Abakar bai musa ba. Amma bayan an share makoki ya koma kujerarsa, ya daina kallon motoci, ya koma kallon idanun direbobi.

"'Yata," ya ce da ni, "makiyayi ba ya duba ƙafar saniya. Kanta yake dubawa. Inda ta juya kai, nan za ta. Na zauna na duba yaran nan. Daidai inda ya kamata su dubi dama su dubi hagu, daidai nan suke duba ni. Mai mota yana kallon wayarsa, nawa yaron yana kallona. To wa ya rage yana kallon hanya?"

Na ce, "To Baba, ai sai ka faɗa musu."

Ya yi dariya har da tari. Ashe ya faɗa. Ya tara su a inda suke jiran fasinja ya ce daga yau kada wanda ya ƙara gaishe shi yana tuƙi. Su kuwa sun san Baba da ba'a, suka ɗauka habaici ne, wato gaisuwar ce ta yi masa kaɗan. Washegari sai abin ya ƙaru. Wani ma har hannu biyu ya saki ya jinjina masa.

Sai ya gwada zaman gida. Wannan ya fi muni, in ji Dorothy. Duk wanda ya zo wucewa sai ya ga babu kujera, ya yi ta miƙa wuya yana leƙen layi, yana ƙwala mata tambaya, "Ina Baba? Ko jikin ne?" Waiwayen da a da na ƙiftawar ido ne ya koma dogon bincike. A makon nan sai da wani ya hau kan mai tallan rake, Allah dai ya sa da sauran kwana.

Daga nan ne ya fito da kujerarsa ya juya ta. Dabarar ita ce su gan shi, su san yana raye yana lafiya, amma babu fuskar da za a gaisar. Da farko sun yi ta hon, shi kuwa ko motsi. Suka kira sunansa, ya yi kamar kurma. A hankali abin ya fara yi musu ciwo. Wanda ka ɗauka uba ya share ka a gaban fasinja, sau nawa za ka jure? Ɗaya bayan ɗaya suka yi fushi, suka daina duban wajen.

Na jima ina juya wannan magana a raina. Wato ba wa'azi ne ya yi aiki ba, ba roƙo ba, fushi ne. Mutumin da ya gina rayuwarsa kaf a kan a san shi a gaishe shi, shi ne ya zauna da gangan ya sa aka tsane shi. Gaskiya abin ya ba ni mamaki, ya kuma ba ni tausayi.

Ya Hussainatu ba ta ga abin burgewa a ciki ba. "Da can ƙofar gidan nan ba ta rabo da takalma," ta ce. "Yanzu ɗaurin aure sai dai mu ji a bakin maƙwabta. Adam ɗin nan da kike shiga kekensa, Baba ne ya je masa neman aure. Matarsa ta haihu, aka yi suna, ko goro bai aiko ba. Ranar tsohon nan bai ci abinci ba. Na ce ka kira su ka yi musu bayani mana, ya ƙi."

Na koma na tambaye shi dalilin ƙin. Ni a ganina magana ɗaya ta isa ta dawo masa da mutuncinsa.

"In sun san dalili za su ji tausayina," ya ce. "In sun ji tausayina za su waiwayo. Mai jin haushinka ne kaɗai ba ya kallonka. Ki bar su."

"To haɗarin ya ragu?"

"Ban sani ba, 'yata. Masu gudu suna nan, masu waya suna nan, ina jin birkinsu. Wannan ba a hannuna yake ba. Nawa kason ne na ɗauke."

Dorothy ta ce ita dai ta ga sauƙi, amma ta ƙara da cewa ita ba ta rantsuwa a kan abin da Allah ne ya san shi. Na so a ce ta ba ni amsa mai ƙarfi. Ba ta ba ni ba, kuma ba zan ƙirƙiro ba.

Akwai abu ɗaya da ya rage yana damuna. Duk zaman da muke yi, nakan ga leɓensa na motsi, ko muna tsakiyar hira sai ya ɗan tsaya ya yi ƙus-ƙus. Na ɗauka tasbihi ne, amma babu carbi a hannunsa. Rannan da yamma na matso da kujerata kusa, na kasa kunne, halina ne ba zan iya bari ba.

Wani keke ya fito daga layi yana ƙara. Tsohon bai juya ba, ya ce a hankali, "Wushe, Umair. A gai da mahaifiyarka." Wani ya biyo baya, salansarsa na tofar da hayaƙi. "Prince, sannu da aiki. Har yanzu ba ka gyara ba." Ashe da kunne yake gane su, kowane keke da irin kukansa. Kullum yana gaishe su ɗaya bayan ɗaya, katanga ce kawai ke ji.

Can sai na ji ƙarar da ni ma na sani, keken Adam. Baba Abakar ya ɗan gyara zama.

"Adam, barka da arziki. Allah ya raya, Allah ya sa mai jin ƙai ne."

Na sunkuyar da kai, don ban so ya ga hawayena ba. Kafin in tashi ya roƙe ni abu guda, ya ce in har zan ba da labarinsa kada in faɗi wace mararraba ce. Na yi alkawari. Bolori faɗi gare ta, kuma sunayen da na sa a nan ba duka ne na gaskiya ba.

Ranar Litinin Adam ya ɗauke ni kamar kullum. Da muka doshi darbejiyar na hango bayan rawanin nan, maganar ta taho mini har bakina. Adam ya ja tsaki.

"Kin gan shi ko, Malama? Ko kallon inda yake ba na yi."

Ya rage gudu. Ya dubi dama, ya dubi hagu, ya jira wata mota ta wuce, sannan ya hau titi. Na haɗiye maganata, muka wuce makaranta.