Gimbiya a Gilashi, Mai Wanki a Kwali

Ran Lahadi a bakin kogi a birnin Ghent, ina tsaye ina kallon Staf mai sayar da hotuna, yana kan sana'arsa ta rashin ta-ido. Yana yage zane-zane daga tsoffin littattafan tatsuniya, ya sa sarakuna da gimbiyoyi a gilashi, talakawa kuwa ya zube su a kwali ƙarƙashin tebur. Ko a takarda ba su tsira ba.

Ga wata dattijuwa ta tsaya, doguwa, da kwat mai gashi da safar hannu ta fata, tana duban kaya ta saman tabarau. A raina na ce wannan ko cokali ba ta taɓa ɗaurayewa ba. Staf ma haka ya ɗauke ta, har da gyara hula.

"Ranki ya daɗe, ga gimbiya. Dubi yatsu kamar kyandir!"

Ko kallo bai ishe ta ba. Ta durƙusa, gwiwa na ƙara, ta tona kwalin, ta zaro wata mai wanki a bakin rafi cikin ƙanƙara, hanci kamar dankali, da takalmin katako, tana washe baki.

"Wanda ya zana wannan ko hankici bai taɓa wankewa ba," in ji ta. "Wa ke dariya a ruwan sanyi?"

Ta zare safar. Hannun jawur, gaɓoɓi a kumbure, fata duk ta tsattsage.

"Ɗan nan, fitar min da waccan malalaciyar daga gilashi, ka sa wannan," ta ce wa Staf. " Ita ta wanke mata farar rigar."